Waiwaye: Yadda Aka Koyi Sa Majiyyaci Barci Kafin Fiɗa

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, babbar gwanintar likitan fiɗa ita ce saurin hannu, domin majiyyaci yana farke, ƙattai sun danne shi, giya ko ƙwayar bugarwa da aka ba shi kuwa ba ta hana shi jin kaifin wuƙa. Shi ya sa ba a cika taɓa ciki ko ƙirji ba, aikin ya fi tsayawa ga yanke gaɓa da cire ƙari na waje.

Wani likitan Japan, Hanaoka Seishu, ya riga Turawa. A 1804 ya cire wa wata mata dajin mama tana cikin barci, bayan ya shayar da ita wani haɗi wanda babban sinadarinsa shi ne tsiron da muke kira zaƙami ko babba-jiji. Amma Japan a rufe take a lokacin, labarin bai fita ba. Abin da duniya ta ɗauka a matsayin mafari shi ne ranar 16 ga Oktoba, 1846, lokacin da William Morton, likitan haƙori, ya shaƙa wa wani majiyyaci tururin wani sinadari mai suna ether daga wani ƙoƙon gilas a babban asibitin Massachusetts da ke Boston, aka cire masa ƙari a wuya bai yi kururuwa ba. Kafin shekarar ta ƙare an gwada hanyar a Landan, a 1847 kuma James Simpson ya kawo wani sinadarin sa barci mai suna kulorofom a Sikotlan. Masu ƙyamar a rage wa mace zafin naƙuda sun yi sanyi bayan da John Snow ya ba Sarauniya Biktoriya kulorofom a haihuwarta ta 1853.

Kawar da zafi ya zo cikin 'yan watanni, amma tsare ran mai barcin ya ɗauki fiye da shekara ɗari. A Janairun 1848 wata yarinya 'yar shekara 15, Hannah Greener, ta rasu a Ingila bayan an shaƙa mata kulorofom don a cire mata farcen ƙafa kawai. A lokacin ɗiga maganin ake yi a kan ƙyalle a ɗora a hanci, babu ma'auni, tazarar da ke tsakanin barci da mutuwa kuwa ƙanƙanuwa ce. Mutum idan ya yi nisa a irin wannan barci, harshensa yakan koma baya ya toshe hanyar iska, abin da ke cikin tumbi yana iya tasowa ya faɗa huhu, wanda shi ne dalilin da har yau ake hana majiyyaci ci kafin tiyata. Galibin kayan aikin da aka ƙera daga baya amsa ce ga wannan matsala: na'urar Boyle ta 1917 mai auna iskar da ake bayarwa, bututun da Ivan Magill ya inganta bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya wanda ake zurawa a maƙogwaro, da lanƙwasasshen ƙarfe mai fitila na Robert Macintosh, na 1943, wanda ake ɗaga harshe da shi a ga inda bututun zai bi. Da aka fara amfani da kurare a Kanada a 1942, wato dafin da mafarautan Kudancin Amurka ke shafa wa kibau, jiki ya riƙa saki ba tare da an zurfafa barci ba, sai dai kuma numfashin majiyyaci ya koma hannun mai sa barcin kacokan.

Wata hanyar ita ce a kashe jin wuri ɗaya a bar mutum a farke. Carl Koller ya fara da hodar iblis a aikin ido a 1884, August Bier kuma ya yi allurar baya a Jamus a 1898, irin wadda ake yi wa mata da yawa a yau idan za a ciro jariri.

A ganina, abin da ya fi sauya aikin a baya-bayan nan shi ne ɗan maƙalen da ake sa wa yatsa, wanda injiniyan Japan Takuo Aoyagi ya gano dabararsa a farkon shekarun 1970. Kafinsa, sai leɓe ya yi duhu ake gane iskar oksijin ta yi ƙasa a jini, yanzu kuwa sautin na'urar yana sauya tun kafin ido ya ga komai. Sai dai rabon kayan bai zo daidai ba. A 2015 kwamitin mujallar likitanci ta Lancet ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 5 ba su da damar samun tiyata da maganin barci masu aminci da sauƙin kuɗi a lokacin da suke buƙata. A ƙananan asibitoci da dama na Afirka, inda wuta da oksijin ba su da tabbas, ana dogaro ne da allurar baya da kuma ketamin, wanda aka haɗa a 1962, saboda yakan bar majiyyaci yana numfashi da kansa.