Ruwa a cikin tsagar dutse da kankare: amsoshin tambayoyin ɗaliban injiniya

Kowace shekara ɗalibai suna zuwa ofishina da tambayoyi iri ɗaya a kan wannan darasi, don haka na tattara amsoshin a nan domin kowa ya karanta kafin ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Mene ne takura a jikin dutse ko ƙarfe?

Ƙarfin ja ko na danniya ne da ke kan wani yanki na abu, a raba shi da faɗin yankin. Wanda bai riƙe wannan ba ya koma darasin aji ɗaya.

Ƙaramin rami yana da wani tasiri kuwa?

Ƙwarai. Tun 1898 wani injiniya mai suna Kirsch ya nuna cewa idan aka ja faranti mai rami zagayayye ta fuska ɗaya, takurar da ke bakin ramin takan ninka sau uku, sannan a 1913 wani injiniyan kuma, Inglis, ya nuna cewa gwargwadon sirancin rami da tsininsa, gwargwadon ƙaruwarta. Ku lura da mai sayar da yadi a kasuwa: yakan ɗan datse bakin yadin da almakashi, sai ya ja da hannu, yadin ya yage har ƙarshe ba tare da ya wahala ba.

Zan iya yin lissafi ba tare da na sanya ruwan da ke cikin tsaga ba?

A'a, kuma kada a sake kawo mini aikin da aka yi haka.

To, ruwan da ke cikin tsaga ƙarfafa dutse yake yi ko raunana shi?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsarta ta dogara da abubuwa da dama. Idan tsagar a toshe take, nauyi kuma ya sauka farat ɗaya, ruwan ba ya samun hanyar fita, kuma da yake ruwa ba ya matsuwa sai kaɗan, yakan ɗauki wani kaso na nauyin ya hana tsagar rufewa, sai dutsen ya nuna tauri fiye da busasshe. Amma kada wannan ya ruɗe ku, domin ruwa ba ya hana fuskokin tsaga zamewa a kan juna, hasali ma yana rage ƙarfin da ke manne su. Abin da Terzaghi, masanin injiniyancin ƙasa, ya koyar ke nan, cewa a cire matsin ruwa daga jimillar takura kafin a san abin da jikin dutsen yake ɗauke da shi a zahiri.

Idan kuwa tsagar tana haɗe da tafki, magana ta sauya, saboda kowane zurfin mita 10 yana ƙara matsi kusan daidai da na iskar da ke kewaye da mu, kuma duk inda tsagar ta ƙara gaba ruwan zai bi ta da ƙarfinsa. Madatsar ruwa ta Malpasset a Faransa ta rushe ranar 2 ga Disamba 1959, mutane fiye da 400 suka rasu, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa matsin ruwa a cikin dutsen da ke ƙarƙashin gefenta na hagu ne ya ture tushenta.

Tsakanin waɗannan halaye biyu akwai batun lokaci, wanda wani masani mai suna Biot ya tsara lissafinsa a 1941: ruwa yana tsiyayewa a hankali, nauyin da ya ɗauka yana komawa kan dutsen. Ɗan kumfar iska da ta maƙale a cikin tsaga ma tana iya rage taurin da ruwan ya kawo. Shawarata ita ce a lissafa halin toshewa da halin tsiyayewa duka, a yi gini bisa wanda ya fi muni.

Tsawon tsaga fa?

Bisa ma'aunin tsananin takura a tsinin tsaga da wani masani mai suna Irwin ya fitar a 1957, idan tsawon ya ninka sau huɗu a ƙarƙashin matsi ɗaya, tsananin takurar da ke tsininta yakan ninka sau biyu.

Kwamfuta tana ba ni adadi mai ƙaruwa a tsinin tsaga duk lokacin da na ƙanƙanta ragar lissafi, wato ƙananan gutsattsarin da kwamfuta ke raba abu zuwa gare su don yin lissafi. Na yi kuskure ne?

Ka kwantar da hankalinka, ba ka yi kuskure ba. A ƙa'idar abu mai komawa siffarsa bayan an sake shi, takurar da ke daidai tsinin tsaga ba ta da iyaka, don haka ba wannan adadin ake dubawa ba. Ka fitar da ma'aunin Irwin, ka kwatanta shi da juriyar tsagewa ta kankaren ko dutsen da aka auna a ɗakin gwaji, kuma ka tabbatar ka sanya matsin ruwa a kan fuskokin tsagar biyu, domin a nan ne galibinku kuke mantuwa.