Makarantar Sakandaren Maza ta Gindiri

Makarantar Sakandaren Maza ta Gindiri makarantar kwana ce a garin Gindiri, ƙaramar hukumar Mangu, kudu maso gabashin Jos a Jihar Filato. Tana cikin tsofaffin makarantun sakandare na Arewa.

Tarihi

'Yan mishan na Sudan United Mission ne suka kafa ta, wajen shekarar 1950. Ba ita ce ta fara zuwa garin ba. Tun a shekarun 1930 mishan ɗin ta buɗe wurin horar da malamai da masu wa'azi a Gindiri, daga baya aka ƙara makarantar makafi da sakandaren 'yan mata. Haka wannan ƙaramin gari ya zama matattarar ilimin boko, yara na zuwa daga ƙasar Angas, Birom, Tarok, Sura da sauran sassa, Hausa ce kuma ke haɗa su a wajen aji. Yau cocin COCIN (Church of Christ in Nations), wadda ta gaji mishan ɗin, ita ke riƙe da makarantar mazan. Cikin waɗanda suka yi karatu a Gindiri akwai Joseph Gomwalk, gwamnan Jihar Binuwai-Filato daga 1967 zuwa 1975. 

Karatu

Tana bin tsarin ƙasa: shekara uku a ƙaramar sakandare, uku a babba. A babbar ne ɗalibi ke zaɓar fannin da zai bi, amma Turanci da lissafi wajibi ne ga kowa. Ana kammalawa da jarrabawar WAEC ko NECO, sai JAMB ga mai neman jami'a.

Ƙungiyoyin ɗalibai

A nan sunan Gindiri ya fi fita, kuma abin ya cancanci a tuna shi. A garin ne aka kafa ƙungiyar ɗalibai Kiristoci ta FCS (Fellowship of Christian Students) a 1957, malamai da ɗalibai ƙalilan suka fara ta, sannan ta bazu zuwa makarantun Arewa da dama. Hedikwatarta na Jos.

Wasanni

Kamar sauran makarantun kwana na Filato, ƙwallon ƙafa da guje-guje ne kan gaba, ana fafatawa tsakanin gidajen kwanan ɗalibai. Tuddan jihar da sanyinta sun daɗe suna fitar da masu gudun dogon zango.