Su wa za su riƙe alli? Amsoshi kan malaman sabuwar sakandaren Katolika

Tun ranar da aka liƙa sanarwar ɗaukar ɗalibai a ƙofar majami'a, ba a yi mako guda ba tare da wani ya tare ni da tambaya kan malaman sabuwar makarantar sakandaren da dayosis ɗinmu, wato yankin majami'un da ke ƙarƙashin Bishop ɗinmu, ya buɗe ba, saboda an san ina cikin kwamitin da ya tantance su. Iyaye suna tambaya, masu neman aiki suna tambaya, har da waɗanda ba su da ɗa ko jika da zai shiga. Tambayoyin ba su kai goma sha biyu ba, riga kawai ake sauya musu. Na rubuta amsoshin a nan sau ɗaya, kuma duk wanda ya sake tare ni a bakin hanya, nan zan turo shi.

Tambaya: Su Fada da su Sista ne za su koyar?

Amsa: A'a. Shugaban makaranta Fada ne, amma yawancin masu shiga aji mutane ne irinmu masu aure da 'ya'ya da kuɗin haya a wuya. Zamanin da Sistocin St. Louis suka sauka Kano a 1948 suka riƙe azuzuwa da kansu ya wuce, kuma babu dayosis ɗin da yake da Fada ko Sista da yawa har ya iya ware ɗaya ga kowane darasi.

Tambaya: Wace takarda ake nema daga mai son koyarwa?

Amsa: Takardar da ake nema a kowace makaranta a Nijeriya. Shaidar NCE ita ce mafi ƙanƙanta, mai digirin da ba na koyarwa ba ya ƙara da difloma ta koyarwa, sannan kowa ya kawo rajistar TRCN, hukumar da ke yi wa malamai rajista, wadda aka kafa tun 1993. Takardar baftisma ba takardar koyarwa ba ce, kuma na gaji da ganinta a saman fayil. Dokar Ikilisiya ta 1983 ma, a sashe na 806, ta ɗora wa shugabannin makarantun Katolika nauyin tabbatar da cewa karatun da ake bayarwa bai gaza na sauran makarantun yankin ba, wanda ke nufin yawan zuwa Mas, wato babbar ibadar Katolika, ba ya rufe wa mutum rashin iya lissafi.

Tambaya: Na leƙa ɗakin malamai na ga ba su da yawa. Anya an shirya kuwa?

Amsa: Kun ƙirga malamai, amma ba ku ƙirga azuzuwa ba. Sabuwar makaranta da aji ɗaya na ƙaramar sakandare take farawa, ta ƙara aji guda kowace shekara har ta cika shida. Haka makarantar Loyola da su Fada 'yan ƙungiyar Jesuit suka buɗe a gefen Abuja a 1996 ta fara, da 'yan aji ɗaya kaɗai, kuma yau babu mai tambayar ko ta shirya. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 zuwa 40 a sakandare, ku kwatanta da abin da kuka gani. Ɗaukar malamin fiziks yau, alhali sai nan da shekara uku za a buɗe babbar sakandare, biyan mutum ne ya zauna yana karanta jarida.

Abin da ya kamata ku tambaya, wanda har yau uba ɗaya bai tambaye ni ba, shi ne yadda za a yi a shekara ta huɗu. A lokacin ne za a buƙaci malaman fiziks da kemistiri da bayoloji da ƙarin lissafi kusan a tare, ga ɗakin gwaje-gwajen da dole masu duba makarantu su gani kafin a amince yara su zauna jarrabawar WAEC da NECO a wurin. Waɗannan malaman su ne mafi wuyar samu, su ne kuma makarantu masu kuɗi suke fara zawarci. Duk shugaban makarantar da ya kasa gaya muku daga ina zai samo su, da kuma da wane kuɗi zai riƙe su, shi ne ya cancanci ku yi masa kallon tuhuma, ba mai ƙaramin ɗakin malamai ba.

Tambaya: Da 'yan bautar ƙasa za a cike gurbi?

Amsa: Za a karɓe su idan an turo, su taimaka. Ba za a damƙa wa wanda zai tafi bayan shekara guda darasin da za a yi jarrabawar fita da shi ba.

Tambaya: Ni Musulmi ne, ina da digiri a lissafi da shekaru ina koyarwa. Za a ɗauke ni, kuma idan an ɗauke ni, me za a nema daga gare ni?

Amsa: Wannan ce tambayar da ba ta da amsa ɗaya, don haka a yi haƙuri da tsawonta. Amsar ta kuma shafi ɗan ECWA da ɗan Angilikan da duk wanda ba ɗan Katolika ba.

A rubuce, babu abin da ya hana. Sashe na 803 na dokar Ikilisiya ya ce koyarwa da tarbiyya a makarantar Katolika su ginu a kan koyarwar Ikilisiya, malamai kuma su zama fitattu wajen sahihiyar koyarwa da kyawun hali, kuma wasu sukan karanta wannan su ɗauka ƙofa a kulle take. Amma takardar da ofishin ilimi na fadar Fafaroma ya fitar a 2022 ta yi maganar malaman da suke na wasu ɗariku ko wasu addinai kai tsaye, ta ce abin da ke kansu tun ranar da suka karɓi aiki shi ne su san makarantar ta Katolika ce, su kuma mutunta hakan. Takardar nan ɗaya ta ƙara da cewa an fi son 'yan Katolika su fi yawa a cikin malamai. Kun ga ke nan ƙofa a buɗe take, sai dai ba a buɗe ta har bango ba.

Akwai kujerun da bai kamata ka sa rai a kansu ba. Darasin addinin Kirista yana ƙarƙashin ikon Bishop, domin sashe na 805 ya ba shi hurumin naɗa masu koyar da shi ko amincewa da su, da kuma cire su. Shugabancin makaranta da kula da ibadar ɗalibai su ma a al'ada na 'yan gida ne. Lissafi da Turanci da kimiyya da Hausa kuwa, wanda ya fi iyawa ake nema, ko da yake idan mutum biyu suka yi kunnen doki a gwajin koyarwa, kada ka yi mamaki idan aka ɗauki ɗan Katolikan. Ba zan ɓoye maka wannan ba, tunda na zauna a inda ake yanke irin wannan hukunci.

Inda maganar ta fi sarƙewa shi ne zaman yau da gobe, wanda babu wata doka daga Roma da ta tsara shi dalla-dalla. Ana buɗe taron safe da addu'a, ana yin Mas a ranakun da aka ware, akwai gicciye a bangon aji. A wasu makarantun malamin da ba Kirista ba yakan tsaya a bayan layi yana lura da yara ba tare da ya yi ibadar ba, a wasu kuma ana ɗauke masa zuwan gaba ɗaya, kuma wannan ya danganta da Bishop, da shugaban makaranta, da garin da makarantar take, domin abin da ya zama ruwan dare a Kano ko Sakkwato ba lallai ne a saba da shi a wani wuri ba. Haka batun sallar Juma'a: mai tsara jadawali yana iya barin maka wannan lokacin babu darasi cikin sauƙi idan ka faɗa tun farko, amma idan ka yi shiru sai da aka liƙa jadawali, ka jawo wa kanka da shi rigimar da ba ta da dalili. Malama kuma ta tambayi ƙa'idar sutura kafin ta sa hannu, kada ta bari sai ranar farko a bakin ƙofa. Duk wanda ya tuna yadda rikicin hijabin ɗalibai ya sa gwamnatin Kwara ta rufe makarantu goma a Ilorin a 2021 ya san ba a barin irin wannan magana ga zato, ko da yake waɗancan makarantun gwamnati ce take tallafa musu, tamu kuwa dayosis ne yake riƙe da ita shi kaɗai.

Sai batun kyawun hali, wanda ya fi faɗi fiye da yadda ake tsammani. Ɗan Katolikan da ya ƙara mata ta biyu ya saɓa wa koyarwar cocinsa a fili, kuma yana iya fuskantar tambaya a kan haka. Musulmin da yake da mata biyu bai saɓa wa nasa addinin ba, kuma a ganina ba adalci ba ne a auna shi da mudun da bai taɓa karɓa ba, amma wannan ra'ayina ne, ba alkawari nake yi maka da sunan kowa ba. Abin da kowa zai sha tambaya a kai shi ne tsayawa gaban yara yana kushe abin da makarantar ta yi imani da shi. Takardar 2022 ɗin ta ce kora ita ce mataki na ƙarshe bayan an gwada sauran hanyoyi, wannan kuma ya kamata ya kwantar maka da hankali kaɗan.

Shawarata ita ce ka nemi aikin, ka yi gwajin, sannan kafin ka karɓi takardar kama aiki ka zauna da shugaban makaranta ka jero masa Juma'a da azumi da hutun salla da Mas ɗaya bayan ɗaya, ka roƙi a rubuta abin da kuka daddale. Ana yi wa su Fada canjin wurin aiki, kuma wanda zai gaje shi takarda zai tarar, ba hirarku ba.

Tambaya: Malaman ba za su mayar min da yaro Kirista ba?

Amsa: Ba don haka aka ɗauke su ba. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi karatun addini ko ibadar da ba ta addininsa ba ce ko wadda iyayensa ba su yarda da ita ba, ya kuma bar wa kowace ƙungiyar addini damar koyar da 'ya'yanta addininta a makarantar da take riƙewa da kuɗinta. Musulmi da yawa sun yi makarantar St. Louis ta Kano sun fito da addininsu. Ku kwantar da hankali, amma ku karanta takardar shiga kafin ku sa hannu, domin ba a ɓoye muku sunan makarantar ba.

Tambaya: Ina aikin gwamnati. In ajiye in dawo nan?

Amsa: Kada ki ajiye saboda fentin gini ya burge ki. Sabuwar makaranta da kuɗin 'yan ɗalibai ƙalilan da tallafin dayosis take biyan albashi, kuma shekarun farko su ne mafi ƙunci. Ki tambayi ranar da ake biya, ki tambayi ko ana biya a watannin dogon hutu, ki tambayi fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai aiki ya zuba kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi ya zuba kashi 10, amma wajibcin ya hau kan ma'aikatu masu zaman kansu ne masu ma'aikata 15 zuwa sama, shi kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba. Makarantar da ta fara da aji ɗaya tana iya zama ƙasa da waɗannan adadin, don haka abin da aka rubuta miki shi ne kariyarki. Su kuma masu cewa aikin Allah ne, kada a yi maganar kuɗi, ina tuna musu cewa Ikilisiya da kanta take wa'azin a biya ma'aikaci hakkinsa, kuma malamin da ake bi bashin shinkafa ba ya kai shekara biyu a wuri.

Tambaya: Idan gwamnati ta sake karɓe makarantun mishan fa?

Amsa: An yi haka a farkon shekarun 1970, lokacin da St. John's ta Kaduna ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles kuma ta koma Kwalejin Sarauniya Amina. Gwamnatocin yau da ƙyar suke biyan malaman da suke hannunsu. Ku nemi wani abin damuwar.

Tambaya: Malamai za su yi bulala? Yaran yanzu sai da ita.

Amsa: Wanda yake son a zane masa ɗa ya daina aiko mana da saƙo. Kowane malami ya sa hannu a kan ƙa'idar kare yara, wadda ta hana shi keɓewa da ɗalibi a rufaffen ɗaki ko kiran ɗaliba gidansa da sunan ƙarin darasi, kuma a makarantar kwana wannan ya fi bulala muhimmanci nesa ba kusa ba.

Tambaya: Kawuna katikis ne, mai koyar da addini a coci, Fada ya san shi. Ba za a sa baki ba?

Amsa: Ka gaishe min da kawun naka. Gwajin koyarwa minti arba'in ne a gaban yara da kwamiti, kuma kai za ka riƙe allin. Ka zo da asalin takardunka, ba kwafi ba.