Ragar Aikin Ƙaba: Abin da Doka Ta Wajabta a Faɗa Maka

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa aikin ƙaba, a Shika ne ko a wani asibitin kuɗi a Sabon Gari, ya san akan sa kuɗin raga cikin lissafi. Raga ce ta roba da likita ke shimfiɗawa inda bangon ciki ya yi rauni, nama ya tsiro ya riƙe ta, hanji ya daina leƙowa. Idan ta shiga jiki, ta zauna ke nan.

Tana da tsada, kuma wata na zuwa da faɗin santimita 30 kowane gefe, alhali ƙabar mara ba ta cin ko rabinta. Shi ya sa a ƙasashen da kuɗi ke wuya wasu likitoci kan yanki abin da suke buƙata, su sake kashe ƙwayoyin cutar ragowar da tururi mai zafin digiri 121 ko da iskar gas, su ajiye wa wani majinyacin. A lura, ragowar da ba ta taɓa jini ba ake nufi, ba wadda aka ciro daga jikin mutum ba. Araha ba ita ce illa ba: a gwajin da aka yi a Yuganda, wanda aka wallafa a 2016, ragar gidan sauro da aka kashe wa ƙwayoyin cuta ta yi aiki kamar ta kamfani. Inda gizo ke saƙar shi ne yawan maimaita zafi na iya raunana zaren, kuma idan ƙwayar cuta ta maƙale a raga, wani lokaci sai an sake buɗe ciki an cire ta. A kwalin ma akwai alamar lamba 2 da aka soke, wato kamfanin bai lamunci amfani na biyu ba.

To, ina doka ta shigo? Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya wajabta wa mai duba ka ya bayyana maka hanyoyin magani da ake da su, amfanin kowace, hatsarinta da kuɗinta, da 'yancinka na cewa a'a. Ya kuma ce, inda hali ya yi, da harshen da kake ji za a yi bayanin, daidai da iliminka. A ganina, wace raga za a sa maka na cikin wannan bayani. Miƙo takardar Turanci a ce "Baba, dangwala nan" bai sauke nauyin ba.

Mu mutanen Zazzau kunyar likita ta yi mana yawa. Kafin ka sa hannu, tambaya: "Likita, sabuwa ce ko ragowa? Tana da rajistar NAFDAC? Nawa ne bambancin kuɗin?" Ka roƙa a rubuta amsar a fayil ɗinka. Wanda yake ganin an ɓoye masa, zai iya kai ƙara ga shugabannin asibitin, ko ga MDCN, hukumar da ke ladabtar da likitoci.