Girin kad ba takardar zama ɗan ƙasa ba ce, don Allah a daina haɗa su

Tunda Trump ya dawo mulki a Janairun 2025 da wuya ka buɗe rediyo ko ka leƙa Facebook ba ka ji an ambaci girin kad ba, yau an kama mai girin kad, gobe za a fara sayar da na zinare, jibi wai za a ƙwace na wasu. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda masu karanta labarai, har da waɗanda suka ga jiya suka ga yau a aikin, za ka ji sun ce "girin kad, wato takardar shaidar zama ɗan ƙasar Amurka". Daga nan an riga an kai mai saurare an baro. Mai girin kad ba ɗan Amurka ba ne ko na sisin kwabo, baƙo ne da aka ce masa zauna ka nemi abincinka, fasfonsa na nan yadda yake, in ɗan Najeriya ne da koren fasfon nan zai ci gaba da tafiye-tafiye, in ɗan Nijar ne da na Nijar, kuma in ya ƙare ofishin jakadancin ƙasarsu zai je ya sabunta.

Ba sai na ɓata lokaci kan biza ba, kowa ya san izini ce ta ka hau jirgi ka je, jami'in da ke filin jirgi shi zai ce ka shiga ko ka koma, shi ne kuma zai ce kwana nawa za ka yi.

Mu da muka san igama ma bai kamata a ce wannan abu ya rikita mu ba. Mutum zai shekara 30 a Jidda ko Makka, ya hayayyafa a can, Larabci a bakinsa kamar ya haɗiye, igamarsa a aljihu, amma ba wanda zai kalle shi ya ce ga ɗan Saudiyya. Girin kad ya fi igama ƙarfi nesa ba kusa ba, ba ka da kafili a kanka, kana iya barin aiki ka kama wani, ka tashi daga New York ka koma Texas ba ka nemi izinin kowa ba, ka sayi gida, ka buɗe kamfani, kuma daga shi ake hawa zuwa zama ɗan ƙasa. Amma dai dangi ɗaya ne, dukansu katin baƙo ne.

Asalin katin ma ya isa ya gaya maka haka. A 1940, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, Amurka ta yi doka cewa duk baƙon da ke ƙasar ya je gidan waya a yi masa rajista a ɗauki zanen yatsunsa, don gwamnati ta san su waye a cikinta. Rasidi aka riƙa ba mutane, fari ma. Bayan yaƙin ne aka ware waɗanda aka amince su zauna aka buga musu nasu a koriyar takarda, sunan ya manne daga nan. A 1964 aka mayar da shi shuɗi saboda masu buga na jabu, a 1989 ya koma ruwan hoda, sai a 2010 ya dawo kore, wato shekaru da yawa mutane na yawo da "koren kati" da babu ko ɗigon kore a jikinsa. Kuma an daɗe sunansa a hukumance yana nufin rasidin rajistar baƙo. Ɗauki katin ka duba, ga hotonka, ga lambarka ta baƙo, ga ƙasar da aka haife ka, ga ranar da ka fara zama, ga ranar da katin zai ƙare, yawanci shekara 10, in ta sabon aure ka samu shekara 2 kacal za a fara ba ka a ga ko auren na gaske ne. Doka kuma ta ce in ka kai shekara 18 dole ya kasance a jikinka kullum.

Labarin Wole Soyinka shi ne ya fi fito da abin fili, don shi kaɗai ya haɗa dukan rikicin. A 2016 ana gab da zaɓen Amurka ya ce in Trump ya ci zai yaga girin kad ɗinsa. Trump ya ci. 'Yan soshiyal midiya suka sa dattijon a gaba, ina katin, ka yaga mu gani, har daga baya ya fito ya ce ya cika alkawari ya tattaro ya dawo gida. To a lokacin har a majalisun hira sai ka ji ana cewa Soyinka ya ajiye zamansa na ɗan Amurka. Ya ajiye me? Abin da bai taɓa riƙewa ba? Mutumin ya yi shekaru yana koyarwa a jami'o'in Amurka, ga lambar Nobel tun 1986, amma ɗan Najeriya ne mai izinin zama, shi ke nan. Kuma ga inda abin ya fi daɗi, da ya rabu da katin sai ya koma sahun kowa da kowa, in zai je Amurka sai ya nemi bizar ziyara kamar ni da kai, ita ma ɗin a Oktoban 2025 ya kira 'yan jarida a Legas ya ce ƙaramin ofishin jakadancin Amurka ya aiko masa wasiƙa an soke ta. Wasiƙa ɗaya fa, ba kotu ba alƙali ba lauya. Da a ce ɗan ƙasa ne da ba wanda ya isa ya hana shi shiga, ko da kullum zagin shugaban ƙasar yake da safe da yamma. Wanda ya ajiye zama ɗan Amurka na gaske shi ne Mohamed Abdullahi Farmajo, wanda ya yi shekaru a Buffalo ta jihar New York yana aikin gwamnati, ya zama shugaban Somaliya a 2017 da fasfo biyu a hannu, a 2019 ya sanar cewa ya ajiye na Amurkan. Shi kam yana da abin ajiyewa. (Af, yaga katin ma shi kaɗai ba ya soke komai a wajen hukuma, akwai fom na musamman da ake cikewa in mutum na so ya miƙa izininsa, in ba haka ba hukumar haraji na iya ci gaba da kallonka a matsayin nata, don mai girin kad harajin Amurka na binsa ko a Kantin Kwari ya ci ribar.)

Wasu kuma in sun so gyarawa sai su ce izinin zama na dindindin. Wannan ya fi, amma ni dindindin ɗin nan ba ta taɓa kwanta min ba, don tana sa mutane sakin jiki. A ce bawan Allah ya yi shekara 6 yana tuƙa tasi a unguwar Bronx ta New York, ya tara abin da ya tara, ya taho gida zai yi gini, ya ce wata 3 zan yi. Bulo ya yi tsada, magini ya gudu da kuɗin rufi, mahaifiya ta kwanta ciwo, ga azumi ya zo ai ba a tafi an bar sallah ba, kafin ya farga shekara ta zagayo har da ɗoriya. Ranar da ya sauka a New York ya miƙa fasfo da kati, jami'i ya kalli kwamfuta ya kalle shi ya ce yaushe rabonka da ƙasar nan, sai a ce ya bi wani jami'in zuwa ɗakin ciki. In ka wuce wata 6 a waje tambayoyi sun fara, in ka wuce shekara 1 ba ka nemi takardar izinin dawowa ba tun kafin ka fita to katin shi kaɗai ba ya isa ya shigar da kai, ana iya ɗauka ka yi watsi da zaman, ko da kuwa ranar ƙarewar da ke jikinsa da saura shekara 4. Ɗan ƙasa kuwa ya shekara 20 a Zinder ya koma, sannu da zuwa kawai za a ce masa.

Kuma ana korar mai girin kad. Laifin ƙwaya, zamba, dukan mata, duk suna iya kai mutum gaban alƙalin shige da fice ko da tun yana goye aka shigo da shi ƙasar. Ba ma sai laifi ba. Mahmoud Khalil, Bafalasɗinen nan da ya yi karatu a jami'ar Columbia, girin kad gare shi, matarsa 'yar ƙasa ce, aka zo har gida aka ɗauke shi a Maris ɗin 2025 aka kai shi Louisiana saboda zanga-zangar Gaza, ba a tuhume shi da wani laifi na kotu ba, wani sashe na dokar shige da fice ta 1952 aka zaro wanda ya ba sakataren harkokin waje damar cewa zaman wani baƙo na cutar da manufofin Amurka na waje. Sama da wata 3 ya yi a tsare, har matarsa ta haihu ba ya nan, kafin alƙali ya ce a sake shi. Duk wanda ya fassara labarin nan da cewa an kama ɗan Amurka za a kore shi ya juya shi gaba ɗaya, don da ɗan ƙasa ne sashen ba zai taɓa hawa kansa ba.

Katin zinaren Trump ma, wanda ya fara cewa dala miliyan 5 daga baya aka dawo miliyan 1, izinin zama ake saye ba fasfo ba.

Inda rikicin ya fi haddasa gaba shi ne cikin dangi. Ana jin yaro ya samu kati sai gida ya ɗauki murna, Hajiya ta fara shirin tafiya, ƙanne su fara turo hoton fasfo ta WhatsApp, in ya ce ba zai yiwu ba a ce ya samu duniya ya manta da 'yan'uwa. Alhali mai girin kad matarsa ko mijinta da 'ya'yan da ba su yi aure ba kawai zai iya nema wa. Uwa da uba sai ɗan ƙasa, wanda ya kai shekara 21. Wa ko ƙani ma sai ɗan ƙasa, kuma gurbi 65,000 ne a shekara ga duk duniya, layin ya haura shekara 15, wato ƙanin da ka cike wa yana saurayi sai ya aurar da 'ya kafin a kira shi intabiyu.

Zama ɗan ƙasar kuma ba ya zuwa da kansa don katin ya tsufa a aljihu, nema ake yi. Sai ka shekara 5 da kati, ko 3 in kana auren ɗan ƙasa, kuma a cikin shekara 5 ɗin a ƙalla wata 30 ƙafarka na cikin Amurka, sannan ka cike fom, ka biya kuɗi, a binciki tarihinka da harajinka, a zaunar da kai a gwada Turancinka a yi maka tambayoyi kan tarihin ƙasar da tsarin mulkinta, in ka haye ka ɗaga hannu ka yi rantsuwa, a ranar ma ake karɓe katin daga hannunka. Wanda ya haura shekara 50 kuma ya shekara 20 da kati ana ɗauke masa Turancin, yana iya zuwa da tafinta ya amsa da Hausa abinsa. Ga wani abu da masu dillancin tafiya ba sa faɗa wa mutanenmu, dokar Amurka ba ta yarda da mace fiye da ɗaya ba, wanda ya taho gida ya ƙara ta biyu a Kano yana riƙe da kati ya jefa neman nasa cikin matsala, in kuma ya ɓoye ya rantse a kan ƙarya aka gano daga baya to ko fasfon ya karɓa kotu na iya ƙwace shi. Akwai masu girin kad sama da miliyan 12 a Amurka, fiye da miliyan 8 cikinsu sun cika shekarun nema amma ba su nema ba, wasu kuɗi, wasu tsoron jarrabawa, wasu ƙasashensu ba sa yarda da fasfo biyu, wasu kuma ina kyautata zaton sun ɗauka sun riga sun gama.

'Yan siyasarmu su kam da gangan suke yi. Lokacin zaɓe na zuwa za a fito da hoton kati a ce wane ɗan Amurka ne bai cancanci takara ba. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 maganar wanda ya karɓi zama ɗan wata ƙasa da kansa ko ya yi mata rantsuwar biyayya yake yi, mai girin kad bai yi ko ɗaya ba. Sashe na 28 kuma bai hana haifaffen ɗan Najeriya riƙe fasfo biyu ba. Haka masu kafe da ke karɓar kuɗin mutane wai za su cike musu cacar "zama ɗan Amurka", cacar girin kad ce, gurbi 55,000 a shekara, kuma tun zagayen 2015 aka cire haifaffun Najeriya daga ciki saboda yawan waɗanda suka riga suka shiga ta wasu hanyoyin.

Wani zai ce to mene ne a ciki, kuskuren baki ne kawai. A Amurka in ka je karɓar lasisin tuƙi a jihohi da yawa a nan take ake tambayarka ko kana son rajistar zaɓe, haka ranar da ka fara sabon aiki akwai fom da za ka nuna matsayinka, akwatin ɗan ƙasa daban na mai izinin zama daban. Mutumin da tun daga gida aka cusa masa cewa katin nan shaidar ɗan ƙasa ce, Turancinsa kuma bai nuna ba, sai ya danna na farkon da zuciya ɗaya. A dokarsu cewa kai ɗan ƙasa ne alhali ba haka ba, ko jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya, ya isa a kore ka, kuma ikirarin ƙaryan nan yana cikin 'yan laifukan da kusan babu takardar afuwa a kansu, ko da matarka da 'ya'yanka duk 'yan ƙasa ne. Sau da yawa ma ba a ganowa sai bayan shekaru, ranar da mutum ya je intabiyun neman fasfo da ƙafarsa, jami'i ya buɗe fayil ya tambaye shi ko ya taɓa yin rajistar zaɓe.