Cibiyoyin Ba Ɗaliban Jami'a Shawara kan Lafiyar Ƙwaƙwalwa

Cibiyar ba da shawara sashe ne a jami'a da ɗalibi ke zuwa ya zauna da ƙwararre su tattauna abin da ke ci masa rai, kamar ciwon damuwa, fargaba, rashin barci, shaye-shaye, mutuwar wani nasa ko nauyin jarrabawa. Aikinta ya fi karkata ga sauraro da magana. Wanda lalurarsa ta yi tsanani akan tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa.

Tarihi

A Amurka tsarin ya fara zama da gindinsa. Kwalejin Amherst ta buɗe sashen kula da lafiyar ɗalibai a 1861, sai dai lafiyar jiki ce a gabanta. Yawancin masu tarihi suna ba Jami'ar Princeton matsayin farko ta fuskar ƙwaƙwalwa: a 1910 likita Stewart Paton ya fara ganin ɗalibai a can, bayan an lura cewa yara masu ƙoƙari suna barin karatu ba don sun kasa ba, sai don abin da ke damunsu a zuci. Wisconsin ta biyo baya wajajen 1914, Dartmouth a farkon shekarun 1920, Yale kuma a 1925.

Akwai kuma saiwa ta biyu wadda ba daga asibiti ta fito ba. A Jami'ar Minnesota, cikin shekarun 1930, E. G. Williamson ya gina ofishin da ke gwada basirar ɗalibi ya taimaka masa zaɓen fanni da sana'a. Wannan reshe ne ya bunƙasa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da dokar 1944 ta ba tsofaffin sojoji damar shiga jami'a da kuɗin gwamnati. Sun cika makarantu, da yawansu ɗauke da tabon yaƙi, gwamnati kuma ta biya kuɗin kafa ofisoshin shawara dominsu. Mai zuwa tambayar sana'a sau da yawa yakan ɓuge da faɗin damuwarsa, haka rassan biyu suka haɗe.

Sirri

Abin da ɗalibi ya faɗa amana ne. Ba a kai shi ga malamansa ko iyayensa sai da yardarsa. Iyakar wannan amana ta fito fili a shari'ar Tarasoff. A 1969 wani ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya gaya wa mai ba shi shawara cewa zai kashe wata budurwa, wato Tatiana Tarasoff, daga baya kuwa ya aikata. Kotun Ƙolin Kalifoniya ta yanke a 1976 cewa wajibi ne ƙwararre ya ɗauki matakin kare wanda ake yi wa barazana, ko da hakan zai kai ga fasa sirri.

A Najeriya

Nan ta ƙofar sana'a aikin ya shigo. Akan danganta farkonsa da 1959, sa'ad da matan cocin Katolika na makarantar St. Theresa da ke Oke-Ado, Ibadan, suka gayyato ma'aikata su yi wa ɗalibai masu fita bayanin ayyuka. An kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa a 1976, manufar ilimi ta 1977 kuma ta ambaci aikin. Jami'o'i da dama suna da irin wannan ofishi a ƙarƙashin sashen harkokin ɗalibai, amma tsoron a ce mutum ya taɓu yakan hana zuwa. Ɗalibi ya fi sakewa da aboki, limami ko fasto. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958.

Halin da ake ciki

Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya da aka wallafa a 2018, kan 'yan ajin farko kusan 14,000 a ƙasashe takwas, ya nuna kashi 35 cikin ɗari sun taɓa fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Ma'aunin da aka saba ambata shi ne ƙwararre ɗaya ga ɗalibai 1,000 zuwa 1,500. Ko lalurar ce ta ƙaru ko kuwa masu neman taimako ne suka yawaita, masana ba su daidaita ba.