Dokar mallakar fili a wasan bowls: ba a korar ɗan wasa don ya yi tari

Akwai maganar da ke firgita sababbin shiga wasan bowls, wasan nan da ake mirgina ƙwallo mai karkata a kan ciyawa don ta tsaya kusa da 'yar ƙaramar ƙwallon da ake kira jak. Wai ko tari ka yi yayin da abokin karawarka ke shirin jifa, alƙali zai sallame ka. Ba haka dokar ta ce ba.

Kundin dokokin hukumar World Bowls yana da sashe kan mallakar fili. Wanda ake mirgina ƙwallonsa, fili nasa ne shi da 'yan ƙungiyarsa. Da zarar ƙwallon ta tsaya, fili ya koma hannun abokan hamayya, sai ɗan lokacin da ake bayarwa a shafa mata alli idan ta taɓa jak. Dokar ta hau kan kowa, mai wasa shi kaɗai ko cikin ƙungiya. Wanda ba shi ke jifa ba ya tsaya aƙalla mita 1 bayan tabarmar jifa, na can ƙarshen fili kuma su koma bayan jak.

To ina hukuncin? Idan alƙali ya gani da idonsa, ko aka kai masa ƙara, cewa ana damun masu fili ko ana ɗauke musu hankali, karon farko gargaɗi ne kawai, a gaban kyaftin ɗin mai laifin. Sai an sake ne ake kashe ƙwallon ƙarshe da shi ko ƙungiyarsa suka jefa, a ɗauke ta daga fili. Idan kuwa ta riga ta ture wasu ƙwallaye, zaɓi na wanda aka dama ne: a mayar da su inda suke, a bar su haka, ko a soke zagayen a sake. Babu kora a wannan sashe.

Mutane na cakuɗa doka da ladabi ne. Musafaha kafin wasa da bayansa, yaba wa abokin hamayya idan ya yi jifa mai kyau, kame baki daga murna idan sa'a ce ta kai ƙwallonka, duk tarbiyya ce da kulob-kulob suka gada. Wanda ya bar su zai sha harara, amma ba ya rasa maki.

A ganina gargaɗin farkon nan adalci ne. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanda hukuncin ke faɗawa a kansa. Mutum ya auna, ya durƙusa, ya kwantar da ƙwallonsa daf da jak daga nisan sama da mita 20, sai a ɗauke ta saboda ɗan ƙungiyarsa ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Ga shi dokar ba ta fayyace iyakar ɗauke hankali ba, ta bar wa alƙali, alhali wasannin sada zumunci da yawa ba su da alƙalin ma, sai kyaftin biyu su sasanta tsakaninsu.